Tambayi Likita: An ce hantata ta tara kitse, in sha maganin gargajiya ko kar in sha?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kan kitsen hanta sun fi na kowane ciwo yawa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce, wane ganye ko saiwa za a sha ya wanke ta. Na zaɓo guda biyar, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba, da wuya bai samu amsarsa a ciki ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya haƙuri damu. Dan Allah ni mace ce shekarata 44, watan jiya naje asibiti saboda wani ciwo da nake ji ta gefen dama ƙasan haƙarƙari sai aka turani sikanin, da sakamako ya fito likitan yace wai hantata ta tara kitse, nace toh wane magani zan sha yace babu, in dai rage ƙiba in dinga tafiya in dawo bayan wata shida, wallahi raina bai so ba dan gani nayi kamar sallamata kawai yayi. Da na dawo gida yayar maigidana ta kawo min wani jiƙo a jarka wai haɗin saiwoyi da sassaƙe ne kala 12 na wankin hanta, kwana 21 ake sha kitsen ya narke ya fita ta fitsari. Ban fara sha ba tukunna kuma ina da suga ina shan metfomin. In sha ko kar in sha? kuma da gaske ciwon nan bashi da magani a asibiti?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, kin kyauta da kika tambaya tun jarkar tana cike. Kar ki sha. Ki yi wa yayarku godiya dan ƙauna ce ta sa ta kawo, amma ki ajiye shi, bari in gaya miki dalili.

Ana cewa hanta ta yi kitse ne idan kitsen da ke cikinta ya haura kashi 5 cikin 100, kuma abin ya yi yawa a duniya yanzu, a cikin manya huɗu za ki samu aƙalla ɗaya yana da shi, galibinsu ma basu sani ba sai an yi sikanin dan wani abu daban. Toh kitsen nan ba a saman hanta yake shafe ba kamar maiƙo a jikin tukunya da za a sa sabulu a goge. Ɗigo-ɗigo ne a can cikin ƙwayoyin hantar, kuma ita da kanta take ƙera mai yawa daga cikinsa, musamman idan suga ya yi yawa a jini ko mutum na yawan shan lemon kwalba da kayan zaƙi, sai ta dinga juya sugan zuwa kitse tana ajiyewa. A jikin mai ciwon suga irinki abin ya fi sauri saboda insulin ba ya aiki yadda ya kamata. Kuma kitse ba ya narkewa ya biyo fitsari, ƙona shi jiki yake yi idan abinda ya shigo bai kai abinda ake buƙata ba, mafi yawansa ma ta numfashi yake fita. Dan haka duk jiƙon da ya sa ki yawan fitsari ko gudawa ruwan jikinki kawai ya kwashe, ki hau sikeli ki ga kin ragu ki yi murna, kwana uku ki sha ruwa ya dawo.

Amma abinda ya fi damuna ba rashin aikinsa bane, inda zai fara sauka ne. Duk abinda kika haɗiya hanji ya tsotse, akwai wata babbar jijiya da ke ɗaukarsa kai tsaye ta kai wa hanta kafin ya zagaya sauran jiki, ita ce mai tacewa. Kinga kenan saiwoyi 12, kowace da sinadaranta da ba a ƙirga ba, ba a san nawa ne a kofi ɗaya ba, na yau ma ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na jiya ba tunda jiƙo kullum ƙara tsumuwa yake, duk a kan hantar da dama kuka take za su sauka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Amurka akwai gungun asibitocin da ke tattara bayanan waɗanda magani ya yi wa hantarsu illa, sun samu cewa kusan kashi 20 cikin 100 daga magungunan ganye ne da kafso-kafson ƙarin lafiya, kuma waɗannan fa na kamfani ne masu takarda a jiki, ina ga wanda ba a rubuta komai ba.

Sannan ko mai haɗawa na da gaskiya yana iya kuskuren ganye. A farkon shekarun 1990 a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam wani wurin rage ƙiba ya ba mata haɗin ganyayyaki daga Chaina, ashe an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu sai da aka kai ga wankin ƙoda da dashe. Ga kuma saiwa ko sassaƙen da aka ajiye a wuri mai damshi ya yi fumfuna, wani irin fumfunan na fitar da guba mai suna afilatoksin wadda an tabbatar tana jawo kansar hanta. Ke kuma ga metfomin kina sha, akwai ganyayyaki da yawa masu saukar da suga, a haɗa biyun ba tare da awo ba sai a wayi gari kina jiri da karkarwa.

Batun likitanki kuma, gaskiya ya gaya miki, laifinsa sauri, dan "je ki rage ƙiba" ba tare da an ce nawa ba kamar a ce wa mutum je ka yi kuɗi ne. Ga lissafin. Idan kika rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinki kitsen hantar zai fara raguwa, kashi 7 zuwa 10 kumburin zai lafa, daga kashi 10 zuwa sama har tabon da ya fara fitowa yana iya ja baya. Misali mai kilo 90, kilo 4 da rabi ne matakin farko, kilo 9 ne babban buri, kuma a hankali ake so, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Masu kashe kansu da yunwa dan su zube a wata ɗaya sukan ƙare da tsakuwar matsarmama, wani lokacin hantar ma ta ƙara rikicewa. Ki fara da abin sha mai zaƙi, shi ya fi sauƙin yankewa kuma shi ya fi ɓarna, sai ki rage yawan abinci mai sitaci a faranti ki ƙara ganye da wake da kifi, sai tafiya mai ɗan sauri minti 30 sau biyar a sati. Motsa jikin nan yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, dan haka kar sikeli ya karya miki gwiwa.

Abu ɗaya da zan so ki koma a yi miki tun kafin wata shidan ya cika. Sikanin na yau da kullum kitse yake nunawa, ba ya faɗin ko tabo ya fara, alhali tabon shi ne abin tsoro kuma masu suga sun fi saurin yinsa. Ki ce a lissafa miki FIB-4, da shekarunki da gwajin jini uku ake yi, AST da ALT masu nuna ko hanta na ciwo, da ƙwayoyin daskarar da jini, idan ya fito ƙasa da 1.3 hankali ya kwanta, idan ya haura sai a yi FibroScan a auna taurin hantar. A gwada miki ciwon hanta nau'in B da C in ba a taɓa ba. Ki kuma tambaya ko sun duba matsarmama da kyau, dan kitsen hanta yawanci shiru yake yi, wannan ciwon gefen naki yana iya zama daga wani wurin.

Magani kuwa akwai, sai dai ba na kowa bane. A watan Maris 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Rezdiffra, a 2025 ta ƙara da allurar Wegovy, duka biyun dan waɗanda tabo ya riga ya yi nisa a hantarsu amma bai kai ƙarshe ba. Akwai kuma tsohon maganin suga fiyogilitazon da ke taimaka wa hanta, ki tambayi mai duba suganki ko ya dace da ke. Allah ya ba ki lafiya.

TAMBAYA: Salam Likita ranka ya daɗe, babana ne aka ce yana da kitsen hanta shekararsa 61, sai na siyo masa kafson kurkum mai haɗe da masoro da kuma kafson koren shayi a intanet dan na karanta suna gyara hanta, yau wata biyu yana sha safe da yamma. Toh kwana biyar kenan fitsarinsa yayi duhu kamar shayi yana ta soshe-soshe baya cin abinci, jiya ƙanwata tace idonsa yayi ɗorawa, wani yace alamar maganin na aiki ne dattin ke fita. Mu ƙara masa ko mu rage?

AMSA: Ɗana, ku tsayar da duka biyun yanzu, ku kai Baba asibiti yau ɗin nan kar ku jira gobe, kuma ku tafi da kwalaben a hannu likita ya karanta abinda ke jiki. Fitsari mai duhu da ƙaiƙayi da idon da ya yi ɗorawa shawara ce, hanta ce ta kasa fitar da abinda ta saba fitarwa, babu wani datti da ke fita. Idan ya fara yawan barci da rana ko magana ta fara rikice masa ko jini na fita a dasashi, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Na amsa maka ta saƙo tun ranar da ka turo, ina maimaitawa a nan ne saboda wasu.

Kar ka zargi kanka da yawa, abinda ka karanta rabin gaskiya ne. Kurkum da ake barbaɗawa a girki ba shi da matsala, dan sinadarinsa da kyar hanji ke tsotsarsa, yawanci wucewa yake. Masu kafso sun san haka shi ya sa suke tatse sinadarin zalla su cusa da yawa, sannan su haɗa da sinadarin masoro wanda ke ninka abinda ke shiga jini har kusan sau 20. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun yi ta samun mutane da kumburin hanta bayan shan irin waɗannan kafso, a Amurka ma an samu, har aka gano yawancin waɗanda abin ya kama suna da wata ƙwayar halitta iri ɗaya da suka gada, shi ya sa wani zai sha shekara lafiya lau wani kuma wata biyu ya kwanta, kuma ba ka da yadda za ka gane wanne ne kai ta kallon fuska. Koren shayi ma haka, wanda ake dafawa a sha a kofi lafiya ne, amma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa miligiram 800 zuwa sama a rana na babban sinadarinsa a kafso yana taɓa hanta, ya fi muni kuma in an sha da yunwa. Kai kuwa biyu ka haɗa masa. Labari mai daɗi shi ne yawancin mutane na warwarewa cikin makonni zuwa 'yan watanni idan an tsayar da wuri, amma bayan ya warke kar ya sake kusantarsu ko sau ɗaya, karo na biyu ya fi na farko zafi.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni silimarin nake sha wata uku, ALT ɗina da 78 ne yanzu ya dawo 49, kenan na warke ko? dan naga kuna yawan kushe maganin ganye amma ni gashi yayi min aiki. Na dai daina shan lemo kuma ina zuwa ƙwallo da yamma.

AMSA: Malam ai ka amsa wa kanka a layin ƙarshe, ka daina lemo ka koma ƙwallo sannan ka ba kafso lambar yabo, lemon da ka bari ne ya kamata ya yi ƙorafi. Duk da haka zan yi wa silimarin adalci. Daga 'ya'yan wata ƙaya mai fure ja-ja da ke fitowa a yankin Bahar Rum ake samunsa, an daɗe ana shan sa dan hanta, kuma a cikin duk na ganye yana cikin waɗanda aka fi bincika kuma ba a san shi da cutar da hanta ba. An gwada shi da kyau a Maleshiya aka wallafa a 2017, mutum 99 waɗanda aka tsakuro naman hantarsu aka tabbatar da kumburi, rabi aka ba su miligiram 700 sau uku a rana na sati 48, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki, da aka sake tsakurowa babban abinda ake nema wato raguwar kitse da kumburi bai bambanta sosai tsakaninsu ba, sai dai an ga ɗan alamar tabo ya fi raguwa a masu sha, mutanen kuma sun yi kaɗan a gina hukunci a kai. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin likitocin hanta ba su sa shi cikin maganin kitsen hanta ba.

Batun warkewa kuma, ALT na hawa da sauka da kansa, akwai mai tabo sosai a hanta ALT ɗinsa daidai, dan haka 49 alama ce mai kyau amma ba takardar sallama ba ce. In kana son ci gaba da sha ka gaya wa likitanka, ka sayi wanda shi kaɗai ne a ciki banda masu haɗe-haɗe, amma ranar da ka ce tunda ina shan kafso bari in ɗan koma lemo, ranar ka yi asara.

TAMBAYA: Ku likitoci kishi ne kawai ke damunku, kafin zuwan asibiti da me mutane ke warkewa in ba itatuwa ba? Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta.

AMSA: Ɗan'uwa ban musa ba, kuma ba ni da faɗa da itace. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke dogaro da shi yau daga wani nau'in tazargade aka ciro shi, Tu Youyou 'yar Chaina da ta jagoranci aikin ta samu kyautar Nobel a 2015, kuma a tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu ta samo hanyar. Metfomin da Hajiya ta farko ke sha asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, asfirin kuma danginsa a ɓawon bishiya aka fara samu. Abinda ya faru da su shi ne an ware sinadarin, an auna, an gwada a dubban mutane, an san nawa ke warkarwa nawa ke kisa. Wannan awon kawai nake nema, ko daga wa ya fito. A Indiya lokacin korona mutane sun yi ta shan wani ganye da suke kira giloy dan ƙarfin jiki, ganyen da kakanninsu suka sani, sai ga likitoci a 2021 suna ba da rahoton masu zuwa da hanta a kumbure. Kaba, wata saiwa ta tsibiran tekun Fasifik, sai da Jamus ta janye ta daga kasuwa a 2002 saboda hanta.

Kuma in kishi ne da ban gaya maka wannan ba, akwai tsiro ɗaya da bincike da yawa suka nuna masu shansa sun fi ƙarancin tabon hanta da kansarta, wato gahawa, kofi 2 zuwa 3 a rana ba suga ba madara mai zaƙi. Likitocin hanta da kansu suna faɗa wa marasa lafiya, ba ko sisi da ke shiga aljihunsu. Mai juna biyu da wanda yake hana wa barci ko sa wa bugun zuciya su yi shawara tukunna.

TAMBAYA: Dan Allah Likita ni siririya ce kilo 58 kuma ban taɓa shan giya ba a rayuwata, ya akayi aka ce ina da kitsen hanta? wata ƙawata tace in sha man zaitun rabin kofi da ruwan lemon tsami da dare, ita da tayi har wasu korayen duwatsu ta fitar.

AMSA: 'Yar'uwa ki kwantar da hankali ba wanda ya zarge ki, yawancin masu kitsen hanta ba giya ce ta jawo musu ba, a 2023 ma an canza wa ciwon suna zuwa MASLD dan a nuna daga rikicewar suga da kitsen jiki yake. Sirara ma na yi, wani gado ne, wani kuma hannu da ƙafa sirara amma kitsen na ciki, dan haka ki auna ƙugunki ki bar kallon sikeli. A duba miki suga da kitsen jini da sinadarin maƙoshi wato tayiroyid da ciwon hanta nau'in B da C, ki kuma lissafa wa likita duk abinda kike sha, dan magunguna irin su sitiroyid da tamoksifen da wasu na farfaɗiya suna tara kitse a hanta.

Duwatsun ƙawarki kuwa, man da ta sha ne ya haɗu da ruwan lemon da ruwan narkar da abinci a hanji ya dunƙule kamar sabulu, an taɓa kai irinsu ɗakin gwaji aka tarar mai ne zalla, in ta ajiye su a wuri mai ɗumi za ta ga sun narke. Rabin kofin mai kuma kitse ne kika ƙara wa jiki a dare ɗaya, in ko akwai tsakuwar gaske a matsarmamarki yana iya tunkuɗo ta ta toshe hanya a kwana a asibiti. Ki zuba cokali ɗaya a abinci ki ci, ki turo min sakamakon gwaje-gwajen in sun fito mu duba tare.